Tarin Baba Ladan

Ina tsakiyar yi wa wani direba aski lasifikar masallaci ta yi ƙara, alhali ba a daɗe da idar da la'asar ba. Muryar Baba Ladan ce, maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu.

"Jama'a, ba kiran salla ba ne, ku yi haƙuri. An auna ni a asibiti, tarin fuka gare ni. Wata biyar ina ɓoyewa, ina tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ku a sahu. Ku yafe mini. Ranar Asabar ma'aikatan lafiya za su zo harabar masallaci yin gwaji. Don Allah kowa ya fito, har mata da yara."

Sai tari ya sarƙe shi kafin ya kashe na'urar, unguwa duka ta ji.

"Kai! Ɗazun nan muka gaisa da shi," in ji direban, yana goge tafinsa a wando.

Na yi dariyar yaƙe. Duk Alhamis ni nake masa aski, fuskata dab da tasa.

Shekara ashirin da biyu yana kiran salla a layinmu, da rana kuma yana gyaran keke a bakin titi. Daga baya muka ji yadda aka yi. Matar faston cocin da ke ƙarshen layi, wata nas da muke kira Sista, ita ta ji tarin nasa tana wucewa, ta matsa masa sai da ya je asibiti. Ta daɗe tana gwaji a harabar coci, mutanenmu ba sa zuwa. Da ta samu Liman da maganar, ya yarda a yi a masallaci, ya ce kuma zai sanar ba tare da ambaton kowa ba. Baba Ladan ne ya ƙi.

"Malam, in ba su ga mai ciwon ba, kowa cewa zai yi na wasu ne."

Bai ji da daɗi ba. Masu kawo keke suka ɗauke ƙafa. Matarsa mai kitso ce, ranar nan ta wuni zaune ita da matajinta. Da Alhamis ta zo ya tsaya a ƙofar shagona, hanci da baki rufe da ƙyalle, na ce masa injin askin ya lalace. Ga injin nan a kan tebur, ko hucewa bai yi ba.

Ya dube shi, ya dube ni. "To, Sarkin Aska, Allah ya sa ya gyaru."

Ran Asabar mutane suka fito fiye da yadda aka zata, wasu don tsoro, wasu don gulma. Tabarmi suka kasa, samarin coci suka ɗauko bencinansu a ka suka jera a inuwa. An samu mutum goma sha ɗaya da ciwon. Ta bakwai a cikinsu matata ce, wadda ta yi wata biyu tana tari ina ce mata hayaƙin murhu ne.

Daga nan kullum da safe Sista sai ta biyo gidanmu, ta tsaya har matata ta haɗiye ƙwayoyinta, sannan ta shiga na Baba Ladan. Matata ta fara cin abinci, kumatunta suka dawo. Shi kuwa ciwon ya riga ya cinye huhun. Ta katanga nake jin tarinsa, kullum ƙarfinsa na raguwa.

Wata rana matata ta ajiye mini abinci ta ƙi tafiya.

"Ba don bawan Allahn nan ba da yanzu kana zaman makokina. Kai kuma ko leƙe. Ba ka jin kunya?"

Na ɗauki jakar aski na fita.

Ɗakin nasa tagogi a buɗe, kamar yadda Sista ta ce a bar su. Yana kwance a katifa, gwangwanin tofi a gefe, gemu ya cika masa fuska. Da ya ga jakar sai idonsa ya yi haske.

"Ya gyaru?"

"Ya gyaru, Baba."

"Makanikin nan naka akwai nawa wajen aiki."

Na so in yi dariya, sai hawaye suka zo. Na ce ya yafe mini, ya ɗaga hannu alamar in bar zancen. Matarsa ta tallafo shi, na shimfiɗa masa zane a kafaɗa. Kansa ya zama kamar na jariri a hannuna, ba nauyi.

"Su goma sha ɗayan nan, duk suna shan magani?"

"Ban da mai waldan layinmu. Da ya ji sauƙi sai ya daina."

Ya tara numfashi. "Je ka ce masa ni na aiko ka. Ka faɗa masa yadda ka same ni. Kada ka rage komai."

Na je. Mai walda ya saurare ni da tabarau a goshi. Washegari na hango shi yana jiran Sista a bakin layi.

Kwana uku bayan askin, da hantsi, na ji kukan matarsa ta katanga, na ajiye almakashi. Layinmu bai taɓa cika irin ranar ba. Fasto da Sista suka tsaya daga gefe har aka gama salla, suka bi mu a baya. Direban nan na cikin waɗanda suka ɗauki makara, bai yarda an karɓe shi ba har muka isa.

Bayan mako guda na shiga gidan Baba Ladan don kiran matata. Na same su su biyu zaune a bakin ƙofar ɗaki, matar Baba Ladan na tsefe wa matata kai. An fito da katifarsa an shanya a tsakar gida. Rana na dukanta, amma tsakiyarta na nan a lotse, daidai tsawon mutum.