Ranar da 'Yan Zumunta Suka Shiga Gidanmu Sau Biyu

Kada wanda ya ce mini ruɗewar mutuwa ce. Na gaji da jin wannan magana. Ni Vicky, da hankalina na yi abin da na yi, idona biyu, don haka kowa ya riƙe tausayinsa.

Shekara biyu na yi ina ɗaukar Mama bidiyo tana girki a tsakar gidanmu da ke Barnawa, ina sakawa a shafina. Mama Celina ake ce mata. Gwaten acca, tuwon dawa, miyar karkashi, duk abin da aka ɗora ranar shi nake ɗauka. Amma ba don girkin ake kallonta ba, don bakinta ne. Tana tuƙa tuwo tana zagin muciya, ta koma kan mai gawayi da tsadarsa, can kuma sai ta ɓarke da waƙar coci kamar ba ita ce ta gama tsine wa mutum ba. Wata mata ta rubuto daga Legas cewa tun rasuwar uwarta ba ta ji ƙanshin gida ba sai a shafinmu. Da na karanta wa Mama, cewa ta yi, "Ta waya ake jin ƙanshi yanzu? To ki ce mata ta zo ta wanke tukunya."

Mabiya dubu shida muke da su, kuma na san da yawansu da suna. Sai kallo ya fara zubewa. Bidiyon da a da mutum dubu uku za su gani, ya koma ɗari biyu, ya koma tamanin. Girkin bai canza ba, bakin Mama bai mutu ba, amma kamar an rufe mana ƙofa ta waje.

Na kai kukana wajen Irene, ƙawata tun sakandare, wadda ke da mabiya rabin miliyan tana faɗan ƙarya da mijin ƙarya a gaban kamara. Ta yi mini dariya har da tafa hannu.

"Algoridim ba ya cin tuwo, Vicky."

"Wane ne kuma wannan?"

"Na'urar da ke zaɓa wa mutane abin da za su gani. Sakan uku take ba ki. In yatsan mutum bai tsaya a kanki ba, ta binne ki. Kuma kin san abin da ke tsayar da yatsa? Faɗa ko hawaye. Ba wanda zai tsaya don albasa."

Na ce mata Allah ya kiyaye, uwata ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce. Har da buga ƙirji na faɗa. Baki shi ke yanka wuya.

Ran wata Talata da hantsi yayana Ben ya ɗauki wasu mata a kekensa na haya mai ƙafa uku zuwa gona a Kakau. A hanyar dawowa tirela ta ƙwace wa direbanta, ta bi ta kansa. Ko asibiti bai kai ba. Aka ajiye gawar, dangi suka tsayar da Asabar za a kai shi ƙauye a binne.

Mama ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan tabarma a bakin ɗakinta, ta riƙe hular Ben, idonta a bushe ƙayau. In an ce mata sannu da haƙuri, ta ce na gode. Kwana biyu haka, ba ci, ba hawaye. Kowa ya tsorata, don an san kukan da bai fito ba shi ke kwantar da mutum.

Ni kuwa a rana ta biyu na ɗauki bidiyon hannunta kawai, riƙe da hular, na saka don in sanar da mutanenmu. Haka na gaya wa kaina. Kafin yamma mutum dubu casa'in sun gani. Zan faɗi gaskiya ko da za ta ci ni: na dinga shiga bayan gida ina kulle ƙofa ina duba lambar tana hawa, gawar ɗan'uwana tana cikin ƙanƙara, kuma na ji daɗi. Na ji kunya, amma na ji daɗi.

Ran Alhamis wajen ƙarfe huɗu 'yan zumuntar mata na cocinmu suka zo ta'aziyya. Sun kai ashirin, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, Mama Judith shugabarsu tana gaba. Tun daga kwanar layinmu suka ɗauki waƙa, ana buga tulu a hankali. Shekara talatin Mama tana cikinsu, ita ma ta shiga gidaje da yawa da wannan waƙar. Na hau benci na ɗaga waya.

Da suka sako ƙafa cikin gida, Mama ta ɗaga kai. Bakinta ya motsa kamar za ta amsa waƙar, sai wata ƙara ta fito mata wadda ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Ta miƙe, ta faɗa ƙirjin Mama Judith, tana kiran sunan Ben na yare, wanda ba ta kira ba tun yana goye. Matan suka kewaye ta. Sun fi minti goma a haka, har jikinta ya saki, suka zaunar da ita, wata ta ba ta ruwa ta sha. Wata tsohuwa ta ce, "Mun gode Ubangiji, ya fito."

Na sauke waya na duba. Ba ta ɗauki komai ba. Wurin ajiyarta ya cika, ta tsaya tun suna bakin ƙofa.

Wayyo, da nan na tsaya! Amma yatsuna sun riga ni. Na shiga goge tsofaffin bidiyo don in sami wuri, na gwate, na tuwo, na ranar da Mama ta kori akuyar maƙwabta da ludayi, duk na share. Sannan na matsa kusa da Mama Judith na durƙusa kamar mai ladabi.

"Mama, don Allah ku yi haƙuri. Wayata ba ta ɗauka ba. Ko za ku ɗan fita ku sake shigowa da waƙar?"

Mai tulu ta ɗauke hannunta.

Mama Judith ta dube ni daga sama har ƙasa. "Victoria, ke ce kike wannan magana? Sau ɗaya muke shiga gidan makoki da waƙa. Gawa ɗaya, shiga ɗaya. In mun sake shigowa, ta wa muka zo yi?"

Na san haka. A cikinsu na girma, ni nake riƙe wa Mama jaka in za su je irin wannan gaisuwa. Duk da haka ban tashi daga durƙuson ba.

Sai Mama ta yi magana, muryarta a dishe. "Ku yi mata."

"Celina!"

"Ku yi mata, Judith. Sana'arta ce. Ɗaya ya tafi, kada in hana wadda ta rage cin abinci."

Suka fita. Mata huɗu ba su dawo ba, daga ƙofa suka wuce gidajensu. Sauran suka shigo da waƙar, ba mai kallon wata, tulun ma kamar ba ya so. Mama ta miƙe a daidai inda ta miƙe ɗazu, ta faɗa ƙirjin Mama Judith, ta yi kuka. Hawaye sun zubo, ba zan ce ba su zubo ba. Amma ba ta kira sunan ba. Da ta ɗan jima sai ta juyo ta kafaɗar Mama Judith ta dube ni ta ce, "Ya isa?"

Na yanke wannan wurin, na saka sauran.

Miliyan biyu. Mutane suna rubutawa cewa ba su taɓa ganin kukan gaskiya irin wannan ba, wasu suna cewa daga gani ba shiri. Irene ta kira ni muna cikin motar ƙauye, akwatin Ben yana bayanmu. "Kin gani ko? Ki saki na binnewa kafin abin ya huce." Na kashe wayar. Bayan mun wuce Kachia na kunna.

Da muka dawo, Mama ba ta yi mini faɗa ba. Da ta zage ni ma da na samu sauƙi, matar da ke zagin muciya. Tana girki shiru, ta zuba mini, ta koma ɗaki. 'Yan zumunta in sun zo duba ta daga bakin ƙofa suke tsayawa, ita ce take fita ta same su. Ni kuma sai a lokacin na lura cewa tun ranar Talatar nan ban zubar wa Ben hawaye ko ɗigo ba. Kullum ina bayan waya.

Sati uku bayan binnewa, ran Lahadi da muka taso coci, wani mai keke ya danna hon a layinmu sau biyu gajeru, yadda Ben yake yi in ya iso. Na jefar da wayar a kan katifa, na fita da gudu zuwa ɗakin Mama. Tana zaune a bakin gado tana ninke zanen coci. Na zube a gabanta, na ɗora kaina a cinyarta, kukan ya zo mini gaba ɗaya. Uwata kawai nake so ta dafa kaina.

Na ji ta ajiye zanen. Na ji tana gyara ɗaurin ɗankwali. Sannan ta ɗan gusa ta fuskanci taga, inda haske yake.

"Ta wane gefe zan duba?" ta ce.

"Mama, babu waya."

Ta ɗaga kai ta dubi saman kabad, ta dubi bayan labule, ta leƙa ƙofa. Ba da fushi ba, nema take yi tsakani da Allah.

"Wallahi babu, Mama. A ɗaki na bar ta."

Ta daɗe tana kallona, hannuwanta biyu a gefe, ba ta taɓa ni ba.

"To in babu waya," ta ce, "me kika zo yi?"