Kifin Shaida

A yi mani afuwa da na ɗauki alƙalami a gaban manya. Ban taɓa rubuta labari ba. In an ga karkata, a gyara mani a hankali.

Tun kafin kiya-kiyar ta gama fita daga tashar Birnin Kebbi, kwalaben nan biyu suka fara ƙara a cikin jakar Riskuwa. Ta rungume jakar a ƙirji kamar mai jego, duk ramin da mota ta faɗa sai ta runtse ido.

"Malama, turare na ko maganin tari?" in ji kwandasta. "In turare na, a ɗan shafa muna."

"Babu komai ciki," ta ce, murya can ƙasa.

"Babu komai? Kwalba wofi aka yi wa wagga runguma?"

Mota ta kwashe da dariya. Riskuwa ta sunkuyar da kai, amma yau ko kunyar ba ta kama ta sosai ba. Hankalinta yana Argungu, ƙarƙashin mangwaron lambun Goggo, inda ta bar baho biyu jiya da la'asar.

Riskuwa ɗaliba ce a kwalejin kimiyya, irin 'yan matan nan da ba a jin muryarsu a aji sai a takardar jarrabawa. Goggo kuwa ƙanwar mahaifinta ce, ita ta goye ta. Rijiyar da ke lambun Goggo marigayi mijinta ya gina ta. Da ita ake ban ruwan albasa da rani, daga ita gidan ke sha. A ƙarshen damina ruwanta ya fara wari. Tarwaɗar da aka saba ajewa a ciki don ta cinye ƙwari ta taso ciki sama. Akuya ta sha ta mutu, jikokin Goggo suka kwanta da amai. Da aka tona gefen rijiyar sai ga tsohon gwangwanin gamalin, maganin feshin nan, ya yi tsatsa ya fashe a cikin ƙasa, ga kuma baƙin man injin ban ruwa da ya daɗe yana ɗiga a wurin. Duba-gari ya zo ya hana sha, ya ce zai dawo ranar Laraba a cike rijiyar da duwatsu. Yau ce Larabar.

Malaminsu ya taɓa gaya masu a aji cewa irin wannan guba ba ta ruɓewa a ƙasa, tafasa ruwa kuma ba ya kashe ta. Amma gawayi, in an ƙona shi yadda ya kamata, cike yake da 'yan ramuka da ido ba ya gani, yana kama gubar kamar yadda zane ke kama ƙarangiya. Riskuwa ta riƙe wannan magana. Ta roƙo buntun shinkafa daga injin casa na Zauro, ta ƙona shi a rufaffiyar tukunya har ya yi baƙi ƙirin. Ta samo gangar ƙarfe, ta jera tsakuwa a ƙasa, yashi a kai, gawayi mai kauri a tsakiya, ta sa famfo a gindi. Jiya ta cika baho ɗaya da ruwan rijiya kai tsaye, ɗayan da ruwan da ya bi ta ganga, ta saki kifin karfasa masu rai a kowanne. Sannan ta koma kwaleji aron kwalaben da aka wanke na musamman don ɗibar ruwan gwaji.

Daga tashar Argungu kusan gudu ta yi. Ta ratsa kasuwar albasa, ta bi bayan gidaje, ta gangara fadama gyalenta yana zamewa. Tun daga nesa ta hango Ummaru, ɗan Goggo, taubashinta, tsaye da shebur yana kwashe ƙasar gefen rijiya yana zubawa a baro.

"Ga likitar kwaɗi nan ta iso!" ya ɗaga murya. "Yi a hankali kada ki zubar da boko a hanya."

"Yaya Ummaru, ka duba su?"

"Su wa? Marasa lahiyarki? Na duba."

"To?"

Ya jingina da shebur, ya share gumi a natse, ya dubi sama kamar mai neman wata.

"Don Allah, Yaya Ummaru!"

"Je ki gani da idonki, kada ki ce taubashi ya yi maki ƙarya."

Ta durƙusa a gaban bahon farko. Karfasa duk sun taso, farin cikinsu a sama, ƙudaje sun fara kewayawa. Ta ja numfashi, ta ɗaga faifan da ya rufe na biyu. Ruwa ya fantsamo mata a fuska. Suna nan da ransu, suna zagaye, ɗaya har tana tunkuɗar 'yar'uwarta. Riskuwa ta yi wani ƙaramin ihu da ita kanta ba ta san tana da shi ba, ta miƙe ta yi tsalle, ta tuna ita budurwa ce a fili, ta koma ta tsuguna tana dariya da hannu a baki.

"Suna da rai! Wallahi suna da rai!"

"Ai har na yi masu ina kwana sun amsa," in ji Ummaru. Amma shi ma bakinsa ya ƙi rufuwa.

Rana ta fara cin inuwar mangwaron, ga shirwa tana shawagi a sama. Riskuwa ta ce ya kai bahon biyu gida ya aje a inuwa, tunda can duba-gari zai zauna. Ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana mita, wai shi da ya kama giwan ruwa da hannu ranar bikin kamun kifi, yau an maishe shi ɗan dakon karfasa. Ita kuwa ta tsaya ta ɗauraye kwalabenta, ta cika ɗaya daga guga, ɗaya daga famfon ganga, ta toshe su.

Hantsi ya ɗaga sosai sa'ad da ƙarar babur ta tsaya a bakin lambu. Malam Hodi duba-gari ya sauko da kakinsa da hular kwano, mutum ne dogo marar yawan dariya. A bayansa ga Labbo magini yana koro jakai, mangalolinsu shaƙe da duwatsu. Riskuwa tana jin ƙarar duwatsun nan suna gugar juna.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Duk jawabin da ta shirya a mota ya gudu. Sai ta nuna ganga da yatsa.

"Mi ne ne wanga?"

"Matatar ruwa ce, ranka shi daɗe. Ta gawayi."

Daga nan magana ta ɓalle mata, ta yi ta zubowa da sauri. Ta nuna masa ramin da Ummaru ya haƙa can nesa da ruwa, inda ake zuba ƙasar da ta sha magani ana cuɗa ta da gawayi da taki. Ta ce in an kwashe ƙasar, aka yashe rijiyar sau da yawa, aka riƙa tace ruwan, tana jin za a tsira da ita. Ba ta ce a sha yau ba. Abin da take roƙo kawai, a kai ruwan nan ɗakin gwaji a Sakkwato kafin a zuba duwatsu.

Malam Hodi ya sunsuna ruwan famfon, ya yarfe hannu.

"Yarinya, kin yi ƙoƙari. Amma rashin wari ba shaida ba ne. Na ga gidan da anka binne yara biyu kan irin wanga magani. Sakkwato kuma ba a kai masu kwalba don ɗaliba ta ce tana jin."

"Akwai shaida, Malam. Tana gida."

"To mu gani. Labbo, kada ka sauke, yanzu za mu dawo."

A zaure suka tarar an shimfiɗa tabarma, Mai unguwa Maigandi ya riga ya zauna. Kafin Riskuwa ta wuce ciki ɗauko baho, sai ga Goggo ta fito da kanta, akushi a hannu, wata jikarta tana biye da kwano.

"Hajiya, aiki munka zo," in ji Malam Hodi.

"Aiki ba shi gudu, ɗana. Ko rijiyar za ka cike, ba ka cike ta da yunwa a gidana. Baƙo bai taɓa buɗe baki kan magana a zauren ga ba sai ya buɗe shi kan tuwo. Tambayi Mai unguwa."

"Haka na," in ji Maigandi, yana riga yana wanke hannu.

Riskuwa ta rakuɓe a bakin ƙofa. Tuwon shinkafa ne da miyar kifi, ƙamshin daddawa da albasa ya cika zauren. Malam Hodi ya fara da ɗan yatsina, loma ta uku ya tuɓe hular kwano ya aje a gefe. Aka kira Labbo ya ɗaure jakai ya shigo.

"Hajiya, wanga kihi sabo na," in ji duba-gari yana tsotsar ƙaya. "Na daɗe ban ci irinai ba."

"Gidan masunta kake, ɗana."

Da aka ɗauke kwanuka, ya gyara zama ya dubi Riskuwa. "To, ina shaidar?"

Ummaru ya shiga ya fito da bahon farko ya dire. Matattun karfasa suna yawo a saman ruwa. Maigandi ya yi salati ya toshe hanci. Riskuwa ta ce, "Wannan ruwan rijiya ne yadda yake. Yanzu a ga na ganga." 

Ummaru ya daɗe a ciki. Da ya fito, tafiyarsa ta canja. Ya aje baho na biyu a hankali. Ruwa garau, ana ganin zanen furen da ke gindin bahon. Babu ko ƙaya ɗaya.

Riskuwa ta leƙa, ta sake leƙawa, har ta sa hannu ta laluba.

"Goggo," ta ce, "ina kihin da ke cikin nan?"

"Wane? Masu ran? Ai su na kunka ci."

 Can waje jaki ya yi kuka.

"Goggo, na gwaji ne!"

"Gwajin mi? Ba ga gangarki can a lambu ba? Ni dai na ga an shigo mani da kihi ranar baƙo, baho guda matattu, baho guda masu rai. So kike in ba ma'aikacin gwamnati mushe? Ni da anka haifa gidan Sarkin Ruwa?"

Hawaye ya cika idon Riskuwa. A ranta ta ga duwatsun nan suna gangarawa cikin rijiya, ta ga albasar bana ta bushe a kan kunya. Ummaru ya juya wa mutane baya, kafaɗunsa suna girgiza, ba ta san ko kuka yake ko dariya ba.

Malam Hodi bai motsa ba. Hannunsa na dama ya sauka a hankali a kan cikinsa.

"Tsaya," ya ce. "Kihin da na ci, cikin ruwan waccan rijiya ya kwana?"

"Wanda ya bi ta ganga, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da la'asar."

Ya juya wajen Goggo. "Hajiya, don girman Allah, da rai kinka same su? Rai sosai, ba numfashin ƙarshe ba?"

"Rai? Guda ta kuɓuce mani ta shige ƙarƙashin turmi, sai da na kira yara munka tare ta. Dubi nan." Ta miƙa masa babban yatsanta, ƙayar baya ta tsaga shi, jini bai gama bushewa ba. "Mai mutuwa ka yin wanga?"

"Ni huɗu na ci," in ji Maigandi da ƙaramar murya. "Har da kawuna."

"Ni miya kawai na sha," in ji Labbo. Ba wanda ya yarda.

Duba-gari ya dubi Riskuwa, a karon farko kamar mai neman taimako. "Malama, ke kinka karanta. Babu abin da zai same mu?"

Ta san in ta ce babu, magana ta ƙare. Ta share ido da bakin gyale.

"Ina jin babu, Malam, tunda kihi ya fi mutum saurin mutuwa da wannan magani, kuma ga shi sun kwana lafiya. Amma ba zan rantse ba. Ko saura kaɗan ya wuce ta gawayin, ɗakin gwaji kaɗai zai faɗa."

Ya saurari cikinsa. Sannan ya miƙe zumbur, ya kifa hularsa.

"Ina kwalaben?"

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya naɗe su da hankicinsa ya tura cikin aljihun gaba, ya danne maɓalli.

"Da kaina zan kai su, yau ɗin nan. Rijiya a rufe ta da kwano a ɗora dutse, kada wanda ya sha, ko akuya. Ummaru, ka ci gaba da kwashe ƙasar nan."

"To duwatsu hwa, Malam?" in ji Labbo.

"Sauke su gefe. Su jira."

"In ka ji sakamako ka fara biyowa ta gidana," Maigandi ya bi shi da faɗa har bakin babur.

Ƙarar babur ba ta gama ɓacewa ba wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa daga bayan katanga. Mata suka fara shigowa da goyo, kowa na tambayar ina gangar, ko za a yi masu irinta. Goggo tana tsakiya tana ɗaga yatsanta, karfasar da ta shige ƙarƙashin turmi har ta fara girma a bakinta. Ummaru yana kwaikwayon yadda duba-gari ya dafe ciki, Labbo yana rantsuwa a kan miya.

"Ina ɗiyar tawa?" in ji Goggo. "Ku kamo mani ita a gan ta!"

Riskuwa tana bayan rumbu a lokacin. Zuciyarta rabi murna, rabi tsoron abin da Sakkwato za ta ce. Ta ɗauki bokiti, ta ɗaga asabarin ƙofar baya ta fice. Masunta ba su gama tashi daga bakin gulbi ba, za ta samu wasu karfasar. Waɗannan a lambu za su kwana.