Katin Kaka Mai Fitila

Ranar Laraba Oga ya yanke hukunci, yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu: a cire katin Kaka daga wasan kafin Juma'a.

Marubuciya ta ji abin har cikin ranta. Su biyar ne a ɗan ofishin nan na saman shagon gilashi, shekara biyu cur suna haɗa wasan waya. Labarin wani matafiyi ne mai bin garuruwa, duk inda aka tare shi da faɗa kati yake jefawa, na takobi, na garkuwa, na guguwa. Ita ke rubuta labarin. Katin Kaka kuwa tsohuwa ce riƙe da fitila. In ka jefa ta sai ta warkar da kai sarai, amma ta fita daga labarin ke nan, ba dawowa. Duk maganar da tsohuwar ke yi a hanya daga bakin kakar Marubuciya aka ɗauko, wadda ta rasu bara.

Injiniya, mutumin da bai yarda da komai ba sai abin da kwamfuta ta faɗa masa, shi ya kawo ƙarar. "Anti, kada ki ga laifina," in ji shi. "Mutum arba'in muka ba su gwada, ko ɗaya bai jefa ta ba. Cin wuri kawai take."

Da azahar Marubuciya ta sauko ta sha iska, sai ga Baba Maigadi a kan bencinsa, tabarau a kan hanci, ya duƙufa a kan waya. Yana cikin masu gwajin. Ta leƙa ta bayansa. Sarkin Ƙarfe na cikin wasan yana ta jibgarsa, saura ƙiris ya faɗi, ga katin Kaka nan a hannunsa.

"Haba Baba! Jefa Kaka mana, ka tsira!"

Ya kalle ta sheƙeƙe. "Ke 'yar nan, in jefa ta ta tafi? Tun garin farko muke tare. Sau bakwai ke nan mutumin nan yana kayar da ni, ya ƙara na takwas ɗin."

Ai sai ta hau bene da gudu har takalmi na fita. A ƙofar kowane gari wasan kan sa mutum ya yar da kati ɗaya don ya rage kaya, kuma ba wanda ya taɓa duba wannan.

"Injiniya, bar batun jefawa. Mutum nawa suka yar da ita?"

Ya danna, ya sake dannawa, ya sosa ƙeya. An yar da takobi, an yar da guguwa, har katin zinariya da yake taƙama da shi. Kaka kuwa ko mutum ɗaya bai yar da ita ba. Ya ɗauki waya ya kira Oga don a fasa cire katin.

Ta koma ƙasa. Baba ya sha kaye na takwas, wasan ya mai da shi bakin hanya. Tsohuwar ta ɗaga fitilarta, rubutu ya fito: "Tashi mu tafi. Ka sa rigar sanyi kuwa?"

"To, Kaka," in ji Baba, yana murmushi.

Marubuciya ta zauna a ƙarshen bencin. Shekara guda ke nan ba ta ji wani ya amsa wa kakarta ba, sai kawai ta bar hawayen suka zubo.