Taminal

Yaya Babba, mai gyaran lantarkin mota, yana tsaye a bakin gadon mahaifinsu a asibiti lokacin da likita ya ɗaga hoton ƙirjin tsohon ya yi wa abokin aikinsa magana da Turanci. Kalma ɗaya Yaya Babba ya cafke: taminal. Wannan kuwa ya san ta kamar yunwar cikinsa. A garejinsa taminal kan batir ne. In ya yi tsatsa a kankare, a ɗaure, mota ta tashi.

Ya koma gida ya ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, gyara ne ƙarami. Ƙanensa, direban bas, ya ce su a wurinsu taminal tasha ce, ƙila wani asibitin za a mai da Baba.

Autarsu, ma'aikaciyar jinya a wani gari, ta iso da jakarta a kafaɗa suna cikin wannan musu. Ko zama ba ta yi ba.

"A wurinmu in an ce taminal, ciwo ya wuce magani. Ku dawo da shi ɗakinsa ya ga jikokinsa."

Yaya Babba ya ji kamar ta watsa masa ruwan batir.

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Dama tun da Baba ya ba ni shagon gaban gida kike jin haushinsa."

"Yaya, Baba ba akwalar mota ba ne. Je ka tambayi likitan."

"Ni za ki aika? Ni na goya ki."

Bai tambaya ba, don yana tsoron amsar. Ya kafa kujera a ƙofar ɗakin marasa lafiya, ya ce muddin yana numfashi ba mai fitar da Baba, ita kuma kada ta kuskura ta shiga da wannan mugun bakin. Ta zo sau da dama, yana tare ƙofa da ƙafa. Tsohon yana ta tambayar ina Auta, yana roƙon a kai shi gida. Yaya Babba yana cewa sai an gama gyara.

A kan gadon nan tsohon ya cika, da robar ƙarin ruwa a hannu.

Wajen zaman makoki Auta ta miƙa wa kowa ruwa, ta tsallake Yaya Babba. Shi kuma ya gaya wa masu gaisuwa bakinta ne ya kama tsohon. Har yau in ta zo gaida Inna, ta ƙofar baya yake fita.