Motar da Na San Birkinta

Shekara ashirin da biyu na yi ina jan bas ɗin ma'aikata a masana'antar kwalabe, ban taɓa makara ba, shi ya sa suke kirana Agogo. Wata safiya a gangaren gada, da mutum talatin a bayana, na taka birki ya tafi har ƙasa kamar na taka soso. Na sake takawa, babu labari. Yadda na yi na goga gefen bas ɗin da bangon gada har ta tsaya, ni ma ban sani ba. Ba wanda ya mutu. Wuyan hannuna ne ya tsage, sai wata mata da ta fasa leɓe. Masu bincike suka ce tiyon man birki ne ya fashe, ba ni da laifi. Manaja ya yaba mini a gaban kowa, ya ba ni hutun wata uku. Ya ce ranar da na dawo za a yi mini ɗan gwajin tuƙi, don cika ƙa'ida kawai, in karɓi makullina.

Hannu ya warke cikin sati shida. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne ƙafata. Ran nan ƙanina ya zo gaishe ni, ya tare wa maƙwabci ƙofa da motarsa, ya miƙo mini makulli in matsar da motar. Na shiga, na tayar, na sa giya. Ƙafar dama ta dafe a kan birki ta ce ba ta san zancen ba. Rawa take yi tun daga gwiwa, gumi ya jiƙe mini riga sharkaf. Na fito na ce hannun ne ya motsa. Tsoro ne, tsagwaronsa, kuma ni ban iya wata sana'a ba bayan tuƙi.

Na kasa zaune na kasa tsaye. In na zauna a falo in tashi in leƙa titi, in na leƙa titi in dawo in buɗe firji in rufe. Matata ta ce zan cinye mata simintin ɗaki da zirga-zirga. A kwana na huɗu na wuce filin wani dillalin motoci, na ganta a can kusurwa: baƙa, ƙofa huɗu, ta kwanta ƙasa-ƙasa, irin wadda ake ƙerawa don gudu. Shekararta goma sha biyu, ta bi hannun mutum huɗu, kujerar direba ta yage, fentin bonet ya ƙone da rana. Dillalin ya tayar da ita, injin mai silinda shida ya yi wani gurnani da na ji har cikin haƙarƙarina.

Dalilina biyu ne, kuma dukansu a lokacin sun yi mini kama da hankali. Na ɗaya, motar da aka yi don gudu dole birkinta ya fi na kowa. Na biyu, ba wanda zai ga mutum ya sayi irin wannan mota ya ce tsoron tuƙi yake ji. Dillalin ya miƙo makulli ya ce in zaga da ita. Na ce ba sai na zaga ba, kunnena ya gaya mini komai, shi dai ya kai mini ita garejin Mai Tabarau. Na bi shi a ƙafa.

Da yamma na nuna wa matata hoton a waya. Ta kalla, ta kalle ni, ta sake kallon hoton.

“Baban 'yan biyu, furfura a gemu, sai kuma motar samari?”

“Mota ce mai lafiya.”

“To ina take, mai lafiyar?”

“Tana gareji.”

Dariya ta yi har da riƙe ciki. Na ji haushi sosai.

Mai Tabarau tsohon bakanike ne, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Tabaransa ƙafa ɗaya gare shi, ɗayan ɓangaren da waya ya ɗaure. Garejinsa rumfar kwano ce mai rami biyu, da doguwar farfajiya da ta miƙe har bakin babban titi. Ƙasan wurin ta sha baƙin mai har ta yi ƙyalli, sifanoni a rataye a bango kowace da ƙusarta, kuma in ka mayar da ɗaya inda ba wurinta ba sai ka ji abin da ba ka so. Ya shiga ƙarƙashin motar da tocila, ya fito yana goge hannu.

“Injin garau yake. A sake mai, a sake fulogi, ka ɗauki abarka jibi.”

“Birki fa, Oga?”

“Zai kai ka shekara guda.”

“A canza.”

Aka canza takalman birki. Da na ga faifan da suke damƙa, sai ya yi mini siriri, na ce a nemo manya. Manyan fayafai suka zo da manyan madamƙai masu jan fenti, su kuma suka ƙi shiga cikin rim ɗin motar. Aka nemo rim mai faɗi. Rim mai faɗi ya nemi taya mai faɗi, taya mai faɗi ta kama gogar jikin mota in an karya sitiyari, dole aka sa shokozoba masu tauri. Kowane gyara yana haifo ƙaninsa, ni kuma daɗi nake ji, don muddin mota na kan jak ba wanda zai ce in hau.

Kullum ina riga Mai Tabarau zuwa. Ya zo buɗe gareji ya tarar da ni a tsaye, ya zo rufewa ya kore ni. Ban iya zama a bencin baƙi ba. Ina zagaya motar, in tsuguna, in leƙa, in tambayi ko wancan noti ya ɗauru, ya ce ya ɗauru, in ce a sake ɗaurewa in gani da idona. Tiyoyin roba kuwa da kaina na ciro su na jefa a shara, aka sa masu rigar ƙarfe a duk tayoyin huɗu. Man birki sau uku ana zuƙe shi ana zuba sabo. A na ukun Mai Tabarau ya ce ko shayi ba a tace shi haka.

Masu irin motata suna zuwa wurinsa, yawanci ma'aikatan banki da masu shagon waya. Wannan a buɗe masa salansa ta yi ƙara, wancan a taɓa kwamfutar inji ta ƙara ƙarfi. Suna tsayawa su yaba jan madamƙaina, su tambaye ni nawa take kaiwa a maleji. Sai in ɗaga kafaɗa in ce ba a faɗa. Wata rana bayan sun watse, Mai Tabarau ya dube ni ta saman gilashinsa.

“Shekara arba'in ina wannan aiki. Kowa zuwa yake in ƙara wa motarsa gudu. Kai kaɗai ne ka zo in ƙara mata tsayawa.”

Na sha jinin jikina. Na ce ai kowa da ra'ayinsa, na koma ƙirga zanen taya.

Ranar Alhamis manaja ya kira ni. Ya tambayi hannu, na ce ya warke. Ya ce direban da ke riƙe musu bas ɗin na wucin gadi ne, kuma na sama sun matsa, ko a tabbatar da shi ko in dawo. Gwajin tuƙin Litinin ne, ƙarfe takwas. Na ce, “In Allah ya yarda, ranka ya daɗe,” muryata ras, kamar ba ni ba. Ina kashe wayar na ce wa Mai Tabarau ina ganin ya kamata a duba babban famfon birki.

“Sabo ne. Kai ka buɗe kwalinsa.”

“To birkin hannu.”

“Shi ma.”

Juma'a na ce fitilun birki ba su da haske sosai, aka canza. Asabar na zo da zancen a sake zuƙe mai. Sai kawai ya sauke motar daga jak, ya tura ta da kafaɗa har tsakiyar farfajiya, hancinta na kallon titi. Ya buɗe ƙofar fasinja ya zauna, ya ja bel ya ɗaura.

“Shigo, Agogo.”

“Oga, hannun nan...”

“Da hannun nan ka ɗaga taya jiya. Ba sauran abin da zan kwance a motar nan. In ka matsa, sai dai in kwance ka. Shigo.”

Na shiga. Kujerar ta haɗiye ni, ƙasa ta matso kusa. Na tayar, na ja giya zuwa gaba, ƙafar ta fara sana'arta. Gwiwata har dukan ƙasan sitiyari take yi. Mai Tabarau ya gani, ya kawar da kai yana kallon bango, kuma na gode masa da hakan a raina.

“Ba ka je titi na ce ba,” ya ce. “Taku uku. Ka saki, ka taka.”

Na saki. Motar ta gangara kaɗan, na danne birki da duk ƙarfina. Ta tsaya cak, har tabaran tsohon ya tashi ya faɗa kan dashbod. Ya lalubo ya mayar.

“Ka ji? A hankali ake taka ta. Ba gardama take yi da kai ba.”

Na sake saki, na sake takawa. Fedar a sama take, da tauri, ko rabin inci ba ta nutsewa. Na san abin da ke ƙarƙashinta tun daga tafin ƙafata har tayoyi, kowane noti na ga ɗaurinsa. Sau nawa na yi haka a farfajiyar nan ban ƙirga ba. Na dai lura rawar ta koma ɗan ƙyafƙyaf, sannan na neme ta na rasa. Da muka kai bakin ƙofa ban tambayi kowa ba, na sa sigina na shiga titi.

Mun zaga shataletale, mun bi ta gaban asibiti, mun fita hanyar bayan gari. A can na ba ta wuta. Injin ya buɗe maƙogwaro, bayana ya manne da kujera, allurar maleji ta hau tana hawa. Na taɓa birki, ta ladabtu nan take. Dariya ta kuɓuce mini, hawaye kuma na zuba, ban ɓoye ko ɗaya ba. Har gangaren gadar na bi, sau biyu. Mai Tabarau ya ce in mayar da shi gareji tun bai amayar da abincin rana ba.

Ranar Lahadi na ɗauki matata da 'yan biyu muka zaga gari. Duk ramin da muka faɗa sai ta ce shokozoban nan za su kwance mata ƙugu, amma ta ƙi a koma gida da wuri.

Litinin bakwai da rabi ina harabar masana'anta. Masu gadi suka kewaye motar, direbobi suka fito suna tsokana, wai Agogo ya dawo da jirgi. Ga bas ɗin can a inuwa, an yi mata sabon fenti a gefen da na goge. Manaja ya miƙo mini makulli, ya hau ya zauna a kujerar farko da takarda a hannu. Ya ce mu fita ta babbar ƙofa, mu zaga, mu dawo, minti goma.

Na hau. Kujerar tawa ce, har lotsawar da na yi mata tana nan. Na gyara madubi, na tayar, na ɗora ƙafa a birki. Fedar ta nutsa inci biyu kafin ta kama. Haka birkin bas yake, haka yake tun ranar da na fara aiki, na fi kowa sani. Amma cikin inci biyun nan gabana ya yanke ya faɗi, gwiwata ta ɗauki rawa.

“Ranka ya daɗe, wa ya yi aikin birkin nan?”

“Kamfanin da ke mana sabis. An sake komai.”

“Tiyon na roba ne ko mai rigar ƙarfe?”

“Irin wanda masu ƙera ta suka ce a sa. Ga takardar shaida.”

“Za a bar ni in kai ta wani gareji, a kwance a gabana? Sati biyu kawai.”

Ya sauke takardar a cinyarsa. “Agogo, bas goma sha ɗaya gare mu. Yau wannan, gobe waccan. Duk sai an kwance maka su?”

Gaskiya ya faɗa. Na kalli madubin sama, kujeru talatin a jere ba kowa, gobe war haka kowacce da mutum a kanta. Na ce wa ƙafata ta ɗaga. Na roƙe ta. Injin yana ta kaɗawa, direbobi a waje suna kallo, ɗaya ya juya baya yana duba wayarsa. Rabin hutuna na ɓata ina tsammanin tsoron nake gyarawa, ashe mota ɗaya tak na gyara.

Na ja birkin hannu, na kashe inji. Na zare makullin na riƙe shi ɗan lokaci, sannan na miƙa wa manaja.

“A tabbatar da wancan bawan Allah,” na ce. “Ni ba zan iya ba.”

Ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi sauka. Na ratsa harabar, na shiga motata, ƙafata ta zauna a kan feda lafiya lau, ko motsi ba ta yi. Mai gadi ya ɗaga mini sandar ƙofa. Ƙarfe takwas da kwata na fita titi, ban san inda zan nufa ba.