Fentin Mama Hadassah

Ranar da Fasto ya sanar cewa gwamnatin wata ƙasar Turai za ta gyara tsohuwar cocinsu ta bayan unguwar Jambutu a Jimeta, Mama Hadassah, shugabar zumuntar mata, guɗa ta rangaɗa har ɗankwalinta ya faɗi. Kakanta ne ya ɗora tubalin ginin. Lokacin da masu gudun Boko Haram suka cika Jimeta, a ciki aka kwantar da su, hayaƙin girki ya turnuƙe bango, tsaga ta bi ta ko'ina. Yanzu damina ɗaya mai ƙarfi ta isa ta kayar da shi.

Sharaɗin ɗaya ne: injiniya za ta zo ta ga tsufan ginin da idonta kafin a amince.

To, Mama Hadassah fa ba a yi mata baƙo gida da datti. Haba! Baƙuwa ta zo ta tarar da wannan baƙin bango? Ta tara mata, aka sayo fenti shuɗi, aka ɗaure zani. Ana waƙa ana shafawa, har tsohuwar ƙofar katako mai sassaƙa sai da ta sha nata. Coci ta fito fes, sai ka ce sabon shagon aski.

Injiniya Munirat ta sauko daga mota ana kiɗa ana rawa. Ta dubi ginin, ta leƙa bayansa.

"Mama, ina tsohuwar cocin?"

"Ga ta gabanki, 'yata! Mun ɗan gyara miki ita."

Munirat ta dafe kai. "Wayyo Mama! Abin da kuka rufe shi aka aiko ni in gani. In na tura hoton wannan, cewa za su yi ginin bara ne."

Kiɗa ya tsaya cak. Kunya da tsoro suka rufe Mama Hadassah, hawaye sharr, ba ta ma ɓoye ba. Da hannunta ta kashe ginin kakanta ke nan?

"'Yata, yana kankaruwa?"

"In an bi a hankali. Amma ban da ƙarfe mai kaifi."

Mama Hadassah ta share fuska ta juya.

"Zumunta! Kowa ta ruga gida ta ɗauko cokali!"

Ita ba ta jira cokali ba. Ta durƙusa a gindin bango da sabon ankonta, ta sa farce ta fara.