Tukunyar Abab

Shekarar Auta talatin da takwas, da mata da 'ya'ya huɗu, amma aikinsa a rumfar Baba bai wuce taka gwangwanayen lemo da hura gawayi ba. Zuba narkakkiyar dalma a yashi kuwa, wannan na Baba ne shi kaɗai. Sai da hannun tsohon ya fara rawa sannan ya ce Auta ya zuba tukunya ɗaya a gani. In ta yi, ludayin zubi ya zama nasa. In ba ta yi ba, ya koma wa takun gwangwani har furfura.

Auta ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya gaida maƙwabcinsu mai walda har sau uku. Gwangwanin ma sai da ya tsince su ɗaya-ɗaya, ya girgiza kowanne kada a samu ragowar lemo ya yi masa tartsatsi a wuta. Ya danna yashi a akwati, ya zare tukunyar kwatance a hankali. Daɗi ya ɗebe shi, ya ɗauki ƙusa ya rubuta BABA a cikin yashin, don tsohon ya ji daɗi.

Da gwangwanayen suka narke, ya kwashe dattin da ya taso, ya zuba, hannu ko gezau. Da ta huce aka fasa yashi, sai ga tukunya fes, ba rami ba tsaga. Aka cika ta da ruwa, ko ɗigo. Auta har ya fara taka rawa da magagari a hannu, sai mai walda ya leƙo ya tambaya wane ne Abab.

Rubutun ya fito a juye, kowace B ta ba da baya kamar mai fushi. Rumfa ta kaure da dariya, mai walda har da riƙe ciki. Baba kuwa ya ƙura wa tukunyar ido. Auta ya fara hango kansa da furfura a kan tulin gwangwani.

Ana cikin haka mahaifiyarsa ta iso da abincin rana. Kowa a unguwar yana kiranta Awat, har jikokinta, kuma ba wanda ya taɓa tambayar inda sunan ya samo asali. Ta dubi rubutun, ta dubi mijinta, sai dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a kan buhu. Ta juye abincin a faranti, ta kifa tsohuwar tukunyar da ta kawo shi a ciki, ta karɓi magagarin Auta ta kankare baƙin gindin. Haruffa huɗu suka bayyana: AWAT.

"Karanta daga dama," in ji ta. "Ita ce ta farko da babanka ya zuba, muna sabon aure."

Auta ya bi haruffan da yatsa. TAWA.

Baba ya yi gyaran murya, ya yi ta kallon rufin kwano kamar yau ya fara ganinsa. Can ya ciro ludayin ya miƙa wa ɗansa.

"Ungo. Taka ma ba ta yoyo. Tawa sai da na liƙe ta sau biyu."